Fankar Labaran Mai Lamba Sittin

A ƙarshen shekarun casa'in, in kana zaune a Tudun Wada ka ji wata murya ta taso daga bakin kasuwa ta faɗo maka har cikin ɗaki, ba sai ka tambaya ba, Labaran Lasifika ne. Sana'arsa ke nan. Yana da lasifika huɗu masu bakin ƙaho, da makirufo, da amfilifaya mai ƙara wa murya ƙarfi, da batirin mota da yake ɗaurawa a bayan babur. Biki ko suna, Mauludi ko cigiyar akuya, daga Dangora har Doguwa shi ake kira. Abin da bai sani ba, kuma ba wanda ya iya sanar da shi, shi ne zaman da ya yi a gindin ƙahonin nan ya cinye masa rabin ji. Shi ya sa ko ina kwana zai ce maka, sai kurciyoyi sun tashi daga kan darbejiya.

Ga shi da cika baki. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, kuma shi kaɗai yake kiran kansa da sunan. A bayan kowace lasifikarsa akwai lamba da haruffa biyu, dB, kuma ba ya gajiya da nuna wa mutane su a teburin shayin Maikano, taubashinsa.

"Wannan ita ake kira desibel," in ji shi, yana buga ƙahon da yatsa. "Da ita Bature yake auna kaya mai kyau. Tawa ɗari da goma ce. Ta mutumin Kiru, abokin gasata, casa'in da biyar. Shi ya sa in na kunna tawa, shi sai ya naɗe wayarsa ya kama hanyar gida."

"Mu ma da muna da inda za mu, da mun kama hanya," in ji Maikano.

Daura da teburin shayin akwai shagon Malam Rufa'i, tsohon hedimasta, wanda kowa yake kira Baffa. Da ya yi ritaya sai ya sayo kwamfuta ta hannu daga Kano, ya ajiye ta a shagon da ke jikin gidansa, ya ɗora 'yar ƙanensa Barakatu a kanta, wadda shi ya rene ta kuma shi ne waliyyinta. Ita take buga wa mutane katin biki da takardar neman aiki. Barakatu yarinya ce mai magana a hankali, kamar tana tsoron kada ta tashi wani daga barci. Labaran ya daɗe yana zuwa zance wurinta, kuma a gaskiya bai taɓa jin abin da take cewa ba. Leɓenta kawai yake kallo, in ya ga ta tsaya sai ya ce, "Haka ne!" Ita kuwa sai ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya.

Da ya aika a nemi izinin turo manyansa, Baffa ya ce a dakata. Labaran bai iya dakatawa ba. Ya saka babbar riga ya tafi shagon da kansa, ya durƙusa.

"Baffa, barka da hutawa!"

Baffa ya runtse ido har sai da gaisuwar ta gama wucewa. "Yawwa Labaran. Zauna. Ba ni da abin zargi a halinka. Kana salla, kana neman na kanka. Amma ni na ƙarar da ƙuruciyata a cikin hayaniyar 'yan firamare, abin da ya rage mini a duniya kunnena ne. In na ba ka Barakatu, duk ranar da ka zo gaishe ni sai na nemi maganin ciwon kai."

"Baffa, ai ni mutum ne mai son shiru!"

Wata akuya da ke kwance a bakin ƙofa ta miƙe ta canza wuri.

"Ka ji wannan ma ta ishe ni," in ji Baffa, ya nuna kwamfutar da carbinsa. Kwana biyu ke nan 'yar fankar da ke cikinta, wadda take hura mata iska don kada ta yi zafi, ta fara wani ƙarrr-ƙat-ƙat kamar an jefa tsakuwa a gwangwani. Labaran ya kasa kunne bai ji komai ba, amma ya ga ƙofa ta buɗe masa.

"Wannan? Fanka? Baffa, ni da nake kwance amfilifaya in ɗaure ido rufe? Ka ba ni zuwa ranar kasuwa. Zan sa mata fankar da ko sauro ya fi ta magana!"

Baffa ya dube shi ta saman tabarau. "To. In ka kawo shiru cikin shagon nan zuwa ranar kasuwa, turo manyanka. In ba ka kawo ba, ka bar zancen Barakatu, ba tare da an ɓata ba. Ka yarda?"

"Na yarda! Maikano, ka shaida!"

"Duk gari ya shaida," in ji Maikano daga tsallaken titi, bai ko ɗago daga tukunyar shayi ba.

Barakatu ta ɗago ta ce wani abu a hankali. Allah ya kiyaye hanya ta ce. Labaran ya ce, "Haka ne!" ya fita yana baza riga.

Washegari ya shiga motar Kano. A wani shagon kayan kwamfuta a Sabon Gari, mai shagon ya jera masa fankoki a kan kanta. Tun daga sallama ya gane irin baƙon da ya yi, don haka ya ɗaga murya.

"Tunda marar ƙara kake so, ga wannan. Ashirin da ɗaya ce, kamar raɗa take. Wannan talatin da biyar ce, za a ji ta amma ba ta damun mutum."

Labaran bai ko kalle su ba. Idonsa yana kan wata baƙa mai kauri a can saman kanta. "Waccan fa?"

"Waccan ba taka ba ce. Sittin ce. Daga jikin wata babbar na'ura aka ciro ta, irin wadda ake kullewa a ɗakin da ba mai zama."

"Sauko da ita."

"Malam, tsaya ka ji. Lambar nan ƙara take aunawa. Duk goma da ta hau, kunne ji yake kamar an ninka ƙarar. Daga ashirin zuwa sittin ka ga ninki nawa ke nan? Mai neman shiru ƙasa yake yi, ba sama ba."

Labaran ya yi dariya har sai da masu shagon kusa suka leƙo. "Ni za ka karanta wa desibel? Da ita nake ci, da ita nake sha! Tunda nake sayen kaya ban taɓa ganin inda ƙaramar lamba ta fi babba ba. Kun ga mutum ya zo daga Tudun Wada, za ku liƙa masa mai ashirin, wai kuma har ta fi tsada! Kai, Kanawa! Sauko mini da mai sittin. In da mai ɗari ma, ita nake so."

Mai shagon ya dube shi, ya dubi fankar, ya sauko da ita. "Allah ya sa a yi amfani da ita lafiya. Amma ka sani, ba a dawo da kaya."

"Wa zai dawo da zakara ya karɓi ɗan tsako?"

Da la'asar ya iso gida, ya wuce shagon Baffa kai tsaye. Fankar ta fi gurbin girma, amma wannan bai dame shi ba. Ya yanko robar tayar babur ya ɗaure ta tamau a bayan akwatin kwamfutar, ya haɗa wayoyi, ya ja da baya ya naɗe hannu.

"Barakatu, kunna!"

Ta kunna.

Fankar ta fara da gurnani, ta hau, ta ƙara hawa, sannan ta tsaya a kan wani kuka mai tsawo kamar babur ya maƙale a yashi. Takardun da ke kan tebur suka tashi sama. Kalandar bango ta fara juya kanta, ta wuce azumi ta wuce salla. Baffa ya dafe hula da hannu ɗaya, ya toshe kunne da ɗayan.

Shi kuwa Labaran, abin da ya iso kunnensa wani ɗan huci ne mai daɗi. Ya lumshe ido. "Kun ji? Kamar numfashin jariri!"

"Me ka ce?" in ji Baffa da ƙarfi.

Maikano ya tsallako da ludayi a hannu. "Wa ya shigo da babur ɗaki?"

"Baƙin ciki ne yake damunka," in ji Labaran. "Mai sittin ce. A duk ƙasar nan ba mai irinta."

"Na yarda. Ko a lahira sai an bincika."

Ba a jima ba sai ga Inna Asabe, tsohuwar da ke bayan layi, da ƙwaryar dawa a ka. Ta sauke a bakin ƙofa tana haki. "Malam, ashe inji ka sayo ba ka faɗa ba? Mun huta da zuwa bakin tasha. A niƙa mini da laushi, na tuwo ne." Kafin a gama yi mata bayani wasu mata biyu sun ajiye nasu a bayan nata, ɗaya har tana cewa ita ta riga zuwa.

Baffa ya sa aka kashe. Ya ce, "Labaran, wannan ne shirun?"

"Sabuwa ce, Baffa! Ko sabon takalmi sai ya ciji ƙafa kafin ya saba. Mai take so."

Da safe ya dawo da kwalbar man gyaɗa. Ya ɗiga, ya ga kamar bai isa ba, ya tuttula. Aka kunna. Fankar ta karɓi man ta watsa shi ko'ina, a bango, a tabaran Baffa, da kan katunan bikin wani mutumin Bebeji da Barakatu ta shanya a gefe. Ƙarar ba ta ragu ba, sai dai yanzu shagon yana ƙamshin suya.

"A kawo ƙullu," in ji Maikano daga taga. "Tunda ba a samu shiru ba, a samu ƙosai."

"Kai dai jahili ne. Amo ne yake fita ta ramuka. Rufe ta za a yi."

Ya je gida ya ɗauko bargonsa, ya lulluɓe akwatin kwamfutar ruf kamar mai zazzaɓi. Ƙarar ta ɗan dusashe, Labaran ya fara zagaya shagon yana taka rawa. Bai kai ga zagaye na uku ba kwamfutar ta yi tsit, allonta ya yi baƙi. Zafi ya kashe ta, ta tafi da takardar da Barakatu ta daɗe tana bugawa. Barakatu ta ɗago ta dube shi kawai, irin kallon da ya sa ya cire bargon da kansa, ya tsaya yana yi wa akwatin fifita da hularsa har ya huce.

Rana ta uku ya zo da dabarar da ya fi amincewa da ita, don ita yake yi wa mutumin Kiru. Ya kafa lasifika ɗaya a ƙofar shagon, ya sa kaset ɗin kalangu, ya murɗe ta har ƙarshe, sannan ya sa aka kunna kwamfutar.

"Yanzu kuna jin fankar?"

"Ba ma jin komai!" in ji Maikano.

"To! Me na gaya muku?"

Baffa ya naɗe buzunsa, ya ɗauki butarsa, ya koma gindin tsamiyar masallaci. Daga can ya aiko a gaya wa Labaran cewa gobe ce ranar kasuwa, kuma shi bai manta da abin da aka yi alkawari ba.

Nan fa hankalin Labaran ya tashi. Ya koma gida ya kwanta rigingine da rana tsaka yana tunani, ya juya, ya danna kunnensa a matashi. Sai ya ji duniya ta yi shiru gaba ɗaya. Ya ɗago, ya sake dannawa. Ya yi tsalle ya miƙe.

"Rimi!"

Ya farke matashin, ya kwashe audugar rimin da ke ciki a buhu, ya nufi shago. Barakatu ta shiga gida yin salla, Baffa yana gindin tsamiya. Ya buɗe akwatin kwamfutar ya dinga cusa auduga, ta gaba, ta baya, har tsakanin fukafukan fankar, yana dannawa da bayan cokali. Ya mayar da murfi ya kunna. Fankar ta yi yunƙuri, ta kasa juyawa. Maikano ma da ya leƙo ta taga ya kasa kunne, bai ji komai ba.

"Kai, me ka yi mata?"

"Ilimi," in ji Labaran, ya yi maza ya kashe kafin wani abu ya faru.

Da wani mai hankali ne, da a nan zai tsaya, ya kira Baffa a gefe ya nuna masa. Labaran kuwa babur ya hau, ya ɗaura lasifika a gaba, ya zagaya gari unguwa-unguwa. "Jama'a! Gobe da hantsi, a ƙofar shagon Baffa! Ku zo ku ji shiru! Shirun da ba a taɓa jin irinsa ba! Injiniya Labaran ne yake gayyatarku!"

Ranar kasuwa gari ya cika. Masu hatsi sun zo daga Dangora, Fulani sun koro shanu daga wajen Burumburum, kuma duk wanda ya ji shelar jiya ya biyo ta ƙofar shagon don ya ga yadda ake jin shiru. Labaran ya jawo teburin kwamfutar zuwa bakin ƙofa. Ya ɗaure ƙahoninsa huɗu a kan rufin, ɗaya yana kallon 'yan hatsi, ɗaya tasha, ɗaya masallaci, ɗaya kuma kara, inda ake cinikin shanu. Aka sa wa Baffa kujera a gefen tebur. Barakatu tana tsaye daga ciki, rabin fuskarta a bayan ƙyaure.

"Jama'a!" in ji Labaran. "Masu baƙin ciki sun ce fankata tana da ƙara. To yau zan sa mata makirufo a baki, in murɗe amfilifaya har ƙarshe. In kun ji ko tari ta yi, ku canza mini suna!"

"Mun riga mun tanadi sunan," in ji Maikano.

Labaran ya ɗaure makirufon a bayan akwatin, daidai bakin fankar. Ya murɗe. Ya yi wa Barakatu alama, ta miƙo hannu ta kunna.

Allon ya kawo haske. Ƙahoni huɗu suka yi shiru. Mutane suka kasa kunne, har mai rake ya daina sara. Baffa ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dubi kwamfutar, ya dubi Labaran. A bayan ƙyaure Barakatu ta dafe ƙirji.

Da Labaran ya ce a kashe a nan, da an gama. Amma ya ga jama'a, kuma bai taɓa ganin jama'a ya ƙyale su ba. Ya hau kan benci. Ya fara daga yadda aka haife shi da basira, ya bi ta yadda ya gyara rediyon hakimi yana ɗan shekara bakwai, ya shiga labarin Kanawan da suka so su cuce shi da mai ashirin. Yana cikin bayanin yadda Turawa za su zo koyon aiki wurinsa, Inna Asabe ta ɗaga hanci.

"Wa yake babbaka?"

Wani ɗan wari yana fitowa daga akwatin. A ciki, fankar da ta daɗe tana yunƙuri ta samu audugar ta saki. Ta motsa. Ta ƙwace.

Abin da ya fito daga ƙahonin nan huɗu, har yau tsofaffin Tudun Wada ba su daidaita a kan kamanninsa ba. Wasu sun ce aradu, wasu sun ce tirela ce ta faɗo daga sama. Wani ya yi ihu, "Jirgi! Jirgi zai sauka!" sai rabin kasuwa suka kwanta a ƙasa. Jakunan 'yan hatsi suka tsinke igiya. Kaji suka fashe daga akurki. A kara, wani farin bijimi na wani Bafulatani mai suna Buba ya ɗaga wutsiya, ya tsallake dillalai biyu, ya bi ta rumfar masu tumatir ya nufi hanyar Doguwa. Audugar rimi kuwa ta dinga fita ta bayan akwatin tana tashi sama tana sauka a kan kowa, amma mafi yawanta a kan Baffa, wanda ya zauna bai motsa ba har ya koma kamar tsohon da ya shekara ɗari.

Labaran yana tsaye a kan benci, bakinsa a buɗe. Yau dai ya ji fankarsa.

"Wai haka take?" ya ce.

Barakatu ta fito da gudu ta fizge wayar kwamfutar daga bango. Kukan ya sauka a hankali ya mutu. Ta durƙusa a bayan teburin tana tsince audugar daga cikin akwatin, tana hura masa iska da bakinta.

Mutane suka fara tashi suna kakkaɓe riga. Buba ya iso da sandarsa a kafaɗa, idonsa ja. "Ina mai jirgin? Wa zai kamo mini bijimi?"

"Yi haƙuri, Buba, za a kamo," in ji Baffa. Ya cire auduga daga girarsa. "Labaran, sauko."

Ya sauko.

"Lasifikarka mai ɗari da goma, me ya sa ka fi son ta da ta mutumin Kiru?"

"Don ta fi ƙara, Baffa."

"To fanka mai sittin da mai ashirin, wacce za ta fi ƙara?"

Labaran ya buɗe baki. Ya rufe. Ya dubi ƙahonin da ke kan rufi, ya dubi fankar da ke rataye da robar taya, leɓensa yana motsi kamar mai lissafi. Bai ce komai ba.

"Jama'a ku shaida," in ji Maikano. "An ce mu zo mu ji shiru, ga shi mun ji."

Aka fashe da dariya, amma Baffa bai yi ba. "Alkawari dai kai ka ɗauka da bakinka, a gaban mutane. Shiru bai samu ba. Sai ka bar zancen, kamar yadda muka yi."

Labaran ya sunkuyar da kai. Ya cire hula ya riƙe a hannu, babbar rigar ta yi masa yawa. Dariyar mutane ta fara raguwa, don ba wanda ya taɓa ganinsa haka.

Abin da kowa ya manta shi ne, wayar kwamfuta kawai aka cire. Amfilifaya da batirin mota take aiki, kuma makirufon yana nan ɗaure a bayan akwatin, daidai inda Barakatu ta durƙusa. Ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗigo a kan audugar da ke hannunta, ta yi maganarta a hankali yadda ta saba, ita da zuciyarta.

"Wayyo Baffa. Ni kuwa da hayaniyar tasa nake son sa."

Ƙahoni huɗu suka ɗauka. 'Yan hatsi suka ji, 'yan tasha suka ji, ladan da ke sharar masallaci ya ji, dillalan kara suka ji.

Kasuwa ta yi tsit. Sai Inna Asabe ta dafe hanci ta rangaɗa guɗa, matan rumfar daddawa suka karɓa. Barakatu ta ɗago ta ga makirufon a gaban bakinta. Ta saki audugar, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige gida da gudu har tana barin takalmi ɗaya.

Labaran ya tsaya kamar an dasa shi. Ya kama hannun Maikano. "Ita ce? Ita ta yi magana?"

"A'a, bijimin Buba ne."

"Ashe haka muryarta take," in ji Labaran. Kuma wannan karon, da ƙyar na kusa da shi suka ji.

Baffa ya daɗe yana kallon takalmin da aka bari a bakin ƙofa. Ya yi ajiyar zuciya. "Yarinyar nan tun tana ƙarama ban taɓa jin ta nemi wani abu ba. Yau ta nema, kuma har Burumburum an ji. Wa zai bi gari-gari ya dawo da maganar?" Ya juya wurin Labaran. "Ka bi bijimin Buba ka kamo shi. Ka biya masu tumatir. Gobe ka koma Kano, ka ba mai shagon nan haƙuri, ka karɓo mai ashirin ɗin da ka raina. In ta zauna lafiya, turo manyanka."

"Baffa! Allah ya ƙara girma! Allah ya ja kwana!"

Kurciyoyin da suka fara dawowa kan darbejiya suka sake tashi.

"Kuma gaisuwa daga tsallaken titi," in ji Baffa.

Labaran ya tattare riga zai bi bijimi, amma sai da ya tsaya ya sunkuya a kunnen Maikano don ya yi masa raɗa. "Ai da gangan na bar makirufon a kunne. Duk cikin shirin ne."

Har masu rake na can ƙarshen layi suka ji raɗar. Baffa ya girgiza kai, ya tsinci audugar rimi daga gemunsa, ya mulmula ta gida biyu, ya toshe kunnuwansa da ita. Ya gyara zama a kujera, ya lumshe ido.

"Ko ba komai," ya ce, "yaron ya kawo abin da ake bukata."